Babu Baƙauye a Unguwarmu

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ce kowane ɗalibi ya rubuta ɗan bincike. Na zaɓi abin da na ɗauka ya fi sauƙi, wato yadda mutane suka riƙa baro ƙauyuka suna shigowa Jidda kafin yaƙin duniya na biyu. A unguwarmu, can kudancin gari, tsofaffi ba su da aiki bayan la'asar sai zama a kan benci da shan shayi, kuma kusan dukkansu sun ga wancan zamani da idonsu. Na sayi sabon littafin rubutu na ja masa layuka, nan sunan ƙauye, nan shekarar tashi, nan dalili.

Na yi wata guda ina zagayawa, ban sami mutum ɗaya da ya zo daga ƙauye ba.

Mai sire, wato tsiren da ake gasawa a bakin titi, ya ce shi Bakatsine ne na cikin birni, a jirgin ruwa ya zo. Mai ƙera murhu da fitilu da tsofaffin garewani ya ce iyayensa malaman Sakkwato ne. Mai wanki ya ce Zariya, ya kuma ƙara da cewa cikin ganuwa, don kada in yi masa wani zato. Babana, da na tambaye shi a gida, ya ce a cikin ganuwar Jidda aka haife shi, a wani gida da aka rushe. Ita ma ganuwar an rushe ta tun kafin in yi wayo, saboda haka babu inda zan je in duba. In dai a bi maganarsu ne, duk Hausawan da suka cika unguwar nan daga birni suka taso suka sauka birni, ƙafar ɗayansu ba ta taɓa taka kashin akuya ba.

Ba zan ce ban taɓa yin shakka ba. Duk shekara idan alhazai suka fara sauka, akan kawo wasu unguwarmu su kama ɗaki. Da zarar an ji cewa baƙon Bakano ne na gaske, mai son ya san daga wace unguwa kake kuma ɗan gidan wa, sai Kanawanmu su shiga uzuri. Wannan ciwon baya, wancan zai je ganin ɗa a unguwar Bani Malik. Benci yakan zama wayam har baƙon ya wuce Makka. Na lura da wannan tun ina ƙarami, amma na ɗauka kunya ce irin ta manya. Har yanzu ma ba zan rantse cewa babu kunyar a ciki ba.

Wadda ta fi kowa Kananci ita ce Goggo. Ba 'yar'uwar babana ba ce, haka dai duk unguwa ke kiranta. Mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta da ɗa, tana soya gyaɗa a cikin rairayi tana sayarwa a ƙofar makarantar yara. Shekara talatin da wani abu tana gaya wa duk mai kunne cewa ubanta attajiri ne a bakin kasuwar Kurmi, gidansu soro uku. Idan mace ta ɓata mata rai takan ce ba laifinta ba ne, rashin tasowa a birni ne. Ta faɗi wannan magana har ta shiga littafin umda, mai unguwarmu, inda aka rubuta a gaban sunanta cewa mutuniyar Kano ce.

A shekarar da na gama karatu aka matsa a kan takardu. Da can tsohuwa mai tallan gyaɗa ba wanda ke tambayarta komai. Yanzu mota kan tsaya a ƙofar makaranta, a ce kowa ya nuna iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, ko takardar ɗan ƙasa, wanda ba shi da ko ɗaya a tafi da shi, bayan 'yan kwanaki a mayar da shi ƙasar da ya fito. Goggo ba ta da iƙama, ba ta da fasfo, ba ta da kafili, wato ɗan ƙasar da zai tsaya mata. Abin da take da shi kawai shi ne layin nan na littafin umda. Ran da aka kwashe mata biyu da ke zama kusa da ita, ita ta tsira ne don ta zagaya bayan katanga yin alwala.

Washegari da hantsi ta zo gidanmu, ta tabbatar babana ya fita, ta ce da ni: “Ustazu, rufe ƙofar nan.” Tun da na shiga jami'a take kirana ustazu, kuma ban taɓa jin alamar girmamawa a cikin kiran ba.

Ta fara da labarin wata mata da ta sani, wadda aka haifa a wani ƙauye a Wadi Fatima, kwarin nan na gonakin dabino da ke tsakaninmu da Makka. Iyayen matar sun zo hajji a ƙasa ta Sudan, suka gama, guzurin komawa ya gagara, suka shiga ƙodago a gonakin Larabawa. A can aka haifi 'ya'yansu, a can suka girma. Da ruwan idanu, wato maɓuɓɓugan da ke shayar da gonakin, ya fara ja baya, ana kuma jin labarin cewa a Jidda akwai dako a tashar jirgin ruwa da aikin gini, sai aka fara tashi, gida ɗaya bana, gida biyu baɗi, a bi ayarin raƙuman da ke kawo dabino da lalle. Matar tana budurwa ta shigo. Goggo ta kai wajen minti goma tana cewa matar, matar, sannan ta gaji ta ce: “Halas, shi ke nan, ni ce. Ka rubuta.”

A bakinta na ji yadda aka yi unguwa guda ta rasa baƙauye. Akwai wani tsoho mai masauki a wajen ƙofar Makka, wanda duk Bahaushen da ya baro wadi a gidansa yake fara sauka. Kafin ya nema maka aiki sai ya ba ka gari. Ya dube ka sama da ƙasa ya ce kai Bakatsine ne, kai kuma da wannan tsawon naka ka fi kama da Sakkwato. Ya koya maka sunan ƙofa ɗaya da kasuwa ɗaya, ya ce kada ka ƙara a kai, mai ƙarawa shi ake kamawa. Dalilinsa, in ji Goggo, a birni duk wanda aka ji ya fito daga gonakin wadi bawa ake ɗaukarsa, ko da ɗa ne jikan ɗa, domin gefe da gefe suke aiki da bayin masu gona, mutanen gari kuma ba su da lokacin tantancewa. Ba a ba shi aure, ba a ba shi ajiya. Tsohon ya ba ta Kano ne domin a ranar waɗanda ya ba Katsina sun yi yawa. Soro ukun nan kuwa ita ta gina abinta daga baya.

Na yi dariya, na kuma ji kunyar dariyar, domin ita ba ta yi ba. Ta ce in aka sa ta a jirgi aka sauke ta a Kano, wa za ta ce tana nema? Ko sunan ƙofar da aka koya mata ta fara mantawa.

Ban san yadda dokar take a rubuce ba, kuma ba na so in faɗi abin da ban tabbatar ba. Abin da aka gaya mana a lokacin shi ne, wanda aka haifa a ƙasar tun zamanin da, iyayensa suna zaune a cikinta, yana iya rubuta ma'arud, wato takardar roƙo, ya kawo shaidu biyu maza da suka san shi a inda aka haife shi. Ƙauyen da Goggo ta yi shekara talatin tana binnewa shi ne kaɗai zai hana a ɗauke ta. Shaidu kuwa ba su yi wuya ba, a ganina. Ta lissafa mini mutum bakwai a kan bencin la'asar da suka sha ruwan ido ɗaya da ita.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, da ladabi. Mai sire ya ce yana tausaya mata ƙwarai, amma yaya Bakatsine zai yi shaidar abin da ya faru a wadi? Mai ƙira ya ce ya taɓa jin sunan wurin. Mai wanki bai bar ni na gama ba, ya tambaye ni ko abin da ake koya mana a jami'a ke nan, tonon asirin iyaye. Wani ya ce in dawo bayan Juma'a, bayan Juma'ar ya tafi Ɗa'if. Babu wanda ya ce ƙarya take yi. Kowa dai ya nuna mini cewa da a ce yana wurin da ya taimaka.

Mutum ɗaya ya yarda tun ban zauna ba, shi ne sagga, ɗan ga-ruwan unguwa, wanda ya tsufa yana ɗaukar garwa biyu a sanda yana zuba wa gidaje. Ban tambaye shi komai ba lokacin bincikena, domin ba ya zama a benci, ni kuma ban ɗauka ilmi na iya zuwa da garwa a kafaɗa ba. Ya ce shi ma tsohon ya ba shi gari, Daura, amma ya ga mai ɗaukar ruwa ko daga Istambul ya zo ruwa zai ɗauka, sai ya bar wa mai shi kayansa. Ya ce zai je. Sannan ya tambaye ni wane ne na biyu. Na ce ina nema.

“Kana nema,” in ji shi, “alhali kullum da shi kake cin tuwo.”

Goggo ba ta sa babana a cikin bakwai ɗin ba. Ina zaton kara ta yi mini.

A nan ya kamata in faɗi abin da ba na jin daɗin faɗa. Babana yana da takardar ɗan ƙasa tun lokacin da ake samunta da sauƙi, kuma a cikinta an rubuta Jidda a wurin haihuwa. Tawa daga tasa ta fito. A watan nan ina jiran takardar ɗaukata aikin koyarwa. Na kwana uku ina auna abin: in ya je ya rantse cewa tare suka taso a wadi, ma'aikaci ya dubi takardarsa ya ga Jidda, me zai biyo baya? Wataƙila ba komai. Wataƙila a buɗe fayil, fayil kuwa in an buɗe shi ba a san ranar rufewa ba. Da na je gare shi daga ƙarshe, na je ne ina fatan ya ƙi, don in ce na yi iyakar ƙoƙarina.

Na same shi yana gyaran carbi bayan azahar. Na yi dogon sharhi, na kawo ta nan na kawo ta can, na ce ba wai ina cewa ya san wurin ba ne, sai dai ko Allah ya sa ya taɓa ratsawa. Ya bar ni na gama tsaf.

“Na taɓa zuwa sayen dabino,” ya ce. “Sau ɗaya. Na ga wata yarinya mai kama da ita. In wannan zai yi, zan faɗa. Ban da shi ba ni da abin faɗa.”

Na ce Baba, ko wannan ma an gode. A raina na ce shaidar da ba za ta amfane ta ba, ba kuma za ta cuce mu ba. Na ji sanyi, kuma na san abin da jin sanyin nan yake nufi game da ni.

Ma'arud ɗin sau biyar ina sake shi. A ƙofar ofishin akwai masu rubuta wa mutane takardu, kowa da ɗan teburinsa da laima. Na nuna wa ɗaya don ya duba mini tsari. Ya karanta, ya ɗauki alƙalami ya bi yana soke duk inda na sa “bisa ga abin da ake zato” da “mai yiwuwa” da “kamar yadda ta bayyana”. Ya ce, ya waladi, wato ɗana, a nan ba a cewa wataƙila, ko an haife ta ko ba a haife ta ba. Ya sake rubuta shi cikin layi shida.

Ɗakin da aka shigar da mu cike yake, ana jira a kan benci biyu, kuma akwai aƙalla mutum uku 'yan unguwarmu da suka zo sabunta iƙama. Goggo ta ja lulluɓi har hanci. Ma'aikacin saurayi ne, bai fi ni da yawa ba, kuma daga harshensa na gane shi ma ba a Jidda aka yanke masa cibiya ba, irin mutanen duwatsun kudu ne. Ya karanta layi shidan, ya karɓi takardun shaidu ya ajiye a gefe, ya ce wa sagga ya faɗi abin da ya sani.

Sagga ya faɗa da Larabcinsa na wadi. Ya ambaci ƙauyen, ya ambaci mai gonar, ya ce bukkarsu na kallon ta iyayenta. Ma'aikacin, ina jin don ya gwada shi, ya tambaye shi daga ina gonar ke shan ruwa. Sagga ya ce daga idon sama, ranar Litinin da Alhamis.

Na ji babana ya yi gyaran murya.

Aka juyo gare shi. Ya fara yadda ya shirya, cewa shi mutumin gari ne, ya taɓa zuwa sayen dabino. Ya ɗan tsaya. Sai ya ce, amma dai a gyara maganar ruwan nan, domin idon sama bai taɓa kaiwa wannan gona ba, tun shekarar da ambaliya ta binne magudanarsa. Daga idon ƙasa ake sha.

Sagga ya ce idon sama ne, shi da ya yi shekara goma sha yana buɗe shi.

Babana ya ce wanda yake buɗewa na gonar ƙanen mai gidan ne, ta bayan tudu, kuma ko a can ba Litinin ba ce. Litinin ta babbar gona ce tun daga asuba har rana ta take. Tasu Talata ce, daga hantsi zuwa azahar, sai kuma rabin Asabar in ruwa ya yi yawa. Sagga ya ce tsufa ya fara taɓa shi. Babana ya matsa gaba ya sa yatsa a kan teburin hukuma yana zana magudana, nan ta rabu biyu, nan dutsen da ake toshewa da shi, nan dabinai ukun da ba sa haihuwa sai an hau an ɗaura musu furen namiji sau biyu. Na taɓa gefen rigarsa. Ya make hannuna bai ko dube ni ba.

“Ranar Talata wa ke toshe ta?” ya ce wa sagga. “Kai ne ko ni? Wa aka daka ran da ruwa ya ƙwace ya shiga lallen mutane? Kuma dalilin wa? Dalilin wannan,” ya nuna Goggo, “da ta saki awaki suka tattake bakin magudanar, tana can tana taya uwarta kwasar taki.”

'Yan unguwarmu uku suka dubi ƙasa, irin duban da ke nuna ba kalma ɗaya da ta wuce su. Sagga ya yi murmushi ya ce, to, Talata ce. Har yau ban sani ba ko da gaske ya manta, ko kuwa ya san mutumin da yake ja. Na tambaye shi daga baya, ya ce in bar shi ya kai ruwan mutane.

Ma'aikacin ya gama rubutu, sannan ya jawo takardar babana ya buɗe. Na ga idonsa ya sauka a kan layin wurin haihuwa. Ina iya cewa ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, har na fara shirya jumlar da zan ce, mai “wataƙila” biyu a ciki. Ya dubi takardar, ya dubi babana, ya ce a garinsu ma a kan ranar ruwa ne kawunsa biyu suka yi shekara ashirin ba sa gaisawa. Ya miƙa masa takardarsa ya ce, tayyib ya ammi, wato to baffa, sa hannu a nan.

Muka kama hanyar gida har muka kusa unguwa. Babana ya ce da ni, ba tare da ya juyo ba, mai sayen dabino in yana da lura yakan ga abubuwa da yawa. Na ce haka ne, Baba. Ba mu sake tayar da zancen ba har ya bar duniya. Aikina ya fito bayan wata biyu, ba wanda ya buɗe fayil ɗin kowa.

Kafin magariba labarin awaki da taki ya gama unguwa. A benci aka yi ta jinjina abin, mai sire yana cewa shi dama ya daɗe yana ganin alama a tafiyarta. Matan da Goggo ta yi shekaru tana yi wa gorin birni suka riƙa aiko yara sayen gyaɗa suna tambaya ko akwai nonon akuya. Ta daina gaida babana. In ta hango shi sai ta tsallaka titi, shi da ya tsaya mata a gaban hukuma. Sagga kuwa, wanda bai ambaci taki ba, kullum yana da ƙullin gyaɗarsa kyauta.

Takardarta ta yi kusan shekara kafin ta fito, kuma a tsawon wannan lokaci a cikin gida take suya, yaran maƙwabta ke kai mata talla. Ran da muka karɓo ta ce in karanta mata duka, daga sama har ƙasa. Da na zo kan sunan ƙauyen ta ce in nuna mata daidai inda yake, domin ita ba ta karatu. Na nuna. Ta auna wurin da babban yatsanta, ya rufe shi ruf.

Ta koma ƙofar makaranta da tirenta. Na taɓa gani da idona mota ta tsaya, ɗan sanda ya sauko ya ce takarda. Goggo ta kwance ƙullin zanenta ta fito da ita, ta miƙa masa tana riƙe da gefe ɗaya, yatsan nan a inda ta auna. Ya ja, ta ja. Ya ce, ya hajja, saki mana. Ta ce ya karanta abin da ya dame shi, sauran ba nasa ba ne. Ya dubi hatimin, ya dubi layin yaran da ke jiran gyaɗa, ya sakar mata ya koma mota.